Ranar da Volkmar Ya Zuba Kulob a Teku

Kowane kulob na masu tuƙa jirgin sama marar inji yana da mutum ɗaya wanda bakinsa ya fi fikafikansa tsawo. Na garin Wiesenrode, can a Turai, shi ne Volkmar Hasenkamp, tsohon dillalin tayil ɗin banɗaki, wanda tun da ya yi ritaya ya kwashe surutun da yake yi wa masu saye ya dawo da shi filin tashi. In ka same shi a bakin tebur da kofi a hannu, sai ka rantse shi ya koya wa shaho shawagi. In a sama kake son ganinsa kuwa, to ka ɗaga kai da wuri, don ba ya daɗewa. Igiya ta ja shi ta sake, ya yi kewaye biyu yana laluben iska mai ɗumi da za ta ɗaga shi, ya rasa, can an jima a ji waya: ya sauka a gonar wani, a zo da tirela a ɗauko jirgin. Kuma laifin kullum na iska ne, ko na girgije, ko na wanda ya wanke jirgin.

To, wata Asabar cikin Agusta abin mamaki ya faru. Tun hantsi gizagizai suka jeru farare tas, irin ranar da ko ƙyauren rumfa ka ɗaura wa fikafikai zai tashi. Volkmar ya tashi bai dawo ba. 'Yan kulob suka haɗa tirela da mota, suka zauna jiran waya kamar yadda aka saba. Shiru. Sai da rana ta yi sanyi aka ga farin jirgin kulob ya ɓullo ta kan daji, ya sauka a filinsa kamar na mutanen kirki. Volkmar ya fito fuska a ƙone. Ya yi tafiya mai kusurwa uku, kilomita ɗari uku da 'yan kai, ya dawo gida. A duk rayuwarsa wannan ne abu na farko da ya yi wanda ya kai girman labarin da zai bayar a kansa.

Abin da ya fi yi masa daɗi shi ne kofi. Ba na sha ba, kofin azurfa da kulob ke bai wa wanda ya fi kowa nisan tafiya a shekara. Kofin ya daɗe a kan kantar Reinhild Tappe, likitar shanu, mace mai ƙarancin magana da kaifin harshe, har ta daina goge shi. Bana kuwa tafiyarta mafi tsawo ba ta cika ɗari uku ba. Kofin ya zama na Volkmar, saura abu ɗaya kawai: shaida.

Shaidar kuwa ba ta baki ba ce, da tuni Volkmar ya cinye kofunan ƙasar duka. Kowane jirgi yana ɗauke da wani ɗan akwati da ke rubuta lokaci da wuri da tsawo, layi bayan layi, tun tashi har sauka, ya rufe fayil ɗin da hatimi. Ka taɓa harafi ɗaya a ciki, hatimin ya ce bai san fayil ɗin ba. Ekkehard, shugaban kulob, tsoho mai furfura har a gira, shi ke karɓa ya tantance. Tun Volkmar bai gama kwance lemar sauka daga bayansa ba tsohon ya miƙo hannu.

“Kawo akwatin, Volkmar. In zare fayil ɗin yanzu-yanzu, kafin ka buɗe baki ka ƙara masa kilomita hamsin.”

Volkmar ya rungume akwatin a ƙirji kamar jariri. “Tsoho, ka taɓa buɗe irin fayil ɗin nan ka duba? Lambobi ne zube kamar tururuwa ta sami sukari. Wa zai kalli wannan ya san a nan namiji ya yi gumi? Ku saurara duka. Ranar bikin rufe kaka zan juya shi daga wannan IGC ɗin naku zuwa KML, irin wanda taswirar duniya ke karantawa, in haska a bangon rumfar jirage. Ba nawa kaɗai ba, kowa ya turo mini nasa. Za ku ga kanku kuna yawo a sama kamar a silima.”

Reinhild, tana naɗe igiya ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, “Akwai shafuka a intanet da ke yin haka kyauta kafin ka ƙifta ido, Injiniya.”

“Shafukan yara! Ni da hannuna zan yi. Mutumin da ya shimfiɗa tayil a banɗakunan rabin gundumar nan, lambobi ne za su gagare shi?”

“Sayarwa dai ka yi. Masu shimfiɗawa daban.”

Aka kwashe da dariya. Ekkehard ya ce, “Yi duk wasan da za ka yi da kwafi. Na asalin ka ba ni.”

“Gobe, tsoho. Gobe da sassafe.”

Goben Volkmar ba ta taɓa wayewa ba tun da aka san shi. Ya tafi gida da akwatin, ya zare fayil ɗin ya zuba a sabuwar kwamfutarsa, ya mayar da akwatin cikin jirgi, ya share teburin kicin ya baje. Matarsa Gudrun, wadda ta shekara arba'in tana jin shirye-shirye irin wannan, ta ɗauke kwanon dankalinta ta koma gefe.

“Ka yi kwafin da Ekkehard ya ce?”

“Kwafi na matsorata ne, Gudrun. Likita yana yin kwafin mara lafiya kafin ya yanka?”

“Likita ya je makaranta.”

Bai ji ba, don ya riga ya nutse. Ya buɗe fayil ɗin a manhajar lissafi, ya ga inda aka rubuta wuri da lambobi manne da juna, 5150 da sauransu. Ya ce wannan ai ko makaho ya shafa ya gane: digiri hamsin da ɗaya, ɗigo, hamsin. Ya bi layuka ya cusa ɗigo bayan lamba ta biyu. Abin da bai tsaya ya tambaya ba shi ne, hamsin ɗin nan mintoci ne, kuma digiri minti sittin gare shi kamar awa, ba ɗari ba. Amma mai cika baki ina ya ga lokacin tambaya? Layi ja ya fito a kan taswira, Volkmar ya buga tebur har cokula suka yi tsalle, ya ɗauki hotonsa ya tura zauren kulob a waya, da rubutu a ƙasa: “Somin-taɓi.”

Ba a yi minti biyar ba waya ta fara kuka. Gernot, mai tuƙa injin da ke jan jirage sama, ƙaton mutum mai son tsokana, shi ya fara. “Mutumina, taswirarka ta ce daga maƙabartar wani gari ka tashi. Ni dai ban ja kowa daga can ba. Ko kuwa tashin ƙiyama aka fara da kai?”

Reinhild ta biyo baya. “A tsakiya kuma ka yi tsallen kilomita arba'in da wani abu cikin daƙiƙa ɗaya. Jirgin yaƙi ma sai ya sara maka, Injiniya.”

Volkmar ya amsa da cewa a daidai wurin nan ya sami wata iska mai ƙarfi wadda masu yawo kusa da gida ba su taɓa haɗuwa da irinta ba. Yana cikin rubuta ƙarin bayani aka buga ƙofa kamar za a ɓalle ta. Ekkehard ne a kan keke, yana haki, hular kwano a karkace.

“Goge hoton nan! Goge shi yanzu! Ka duba inda layinka ya bi? Ta kan babban filin jirgin sama na birni, ta tsakiyar hanyar da manyan jirage ke sauka! In wannan ya fita daga zaure ya kai idon hukuma, sai mu shekara muna rantsuwa cewa ba ka je can ba.”

“Kwamfuta ba ta ƙarya, tsoho.”

“To ka je can ɗin?”

“Ban je ba.”

“To wa ke ƙarya a cikinku?”

Gudrun daga bakin murhu ta ce, “Kada ka matsa masa, Ekkehard, yau ne karon farko da aka riga shi shirga ƙarya.”

Tsohon ya zauna ya sha ruwa, ya yi wa Volkmar karatun minti sittin da yatsa a kan tebur, sannan ya sake neman fayil. Volkmar ya ce ai dama ya san da zancen sittin ɗin, gwada su yake yi ya ga wa ke farke. Fayil kuwa, yana tsakiyar aiki, ba a cire burodi daga tanda don wani ya matsu. Ekkehard ya hau kekensa ya tafi yana magana shi kaɗai.

Mako biyu Volkmar yana raba lambobi da sittin. Ya daina aski, ya daina yanke ciyawar ƙofar gida, maƙwabcinsa ya fara leƙowa ta kan shinge yana tsaki. Lissafin ya fito daidai, wannan kam a ba shi. Sai dai kwamfutarsa 'yar ƙasa ce, kuma kamar kowane ɗan ƙasar nan da waƙafi take raba lamba da ɓurɓushinta, ba da ɗigo ba. Tara da ɓurɓushin arba'in da ɗaya ta rubuta shi 9,41. Ita kuwa taswirar duniya a wajenta waƙafi katanga ce: abin da ke gabansa gabas, na bayansa arewa, na uku tsawo. Da ta ga 9,41,51,83 sai ta karanta abinta yadda ta iya: gabas tara, arewa arba'in da ɗaya, tsawo mita hamsin da ɗaya, sauran ta watsar. Ba wanda ya gaya wa Volkmar, kuma ko an gaya masa, wa ya isa?

Ya zaɓi wata Lahadi da ruwa ya hana tashi, kowa na cikin ɗakin kulob ana cin kek ɗin tuffa, ya shigo da kwamfuta a hammata. Gudrun na biye da shi da faranti. Ya ture kofuna, ya ce a matso, yau za a ga bambancin gwani da ɗan koyo. Ya danna. Duniya ta juya a allo, ta ja da baya, ta ƙara ja da baya, don layin ya ƙi shiga cikin ƙasa ɗaya. Miƙaƙƙe ne sambal kamar an ja da rula, ya taso daga Afirka ta Yamma, ya ratsa Sahara, ya tsallake teku, ya huda Turai, bai tsaya ba sai a ƙanƙarar ƙarshen duniya.

Gernot ya ajiye cokali a hankali. “Volkmar, tsakaninka da Allah, ka ɗauki fasfo ranar nan?”

“Shi ya sa ya dawo fuska a ƙone,” in ji Gudrun tana yanka kek. “Ni ina ta cewa ya manta hula, ashe Sahara ya leƙa.”

Reinhild ta sa tabarau ta matso da fuska. “Mita hamsin da ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Duwatsun Alps fa, Injiniya? Ta cikinsu ka bi, ko matsawa suka yi da suka ji kai ne?”

“Ƙaramar matsala ce ta nuni!” Volkmar ya rufe kwamfutar da ƙarfi. “Ku ba ku san komai a harkar nan ba. Wanda bai taɓa yin gini ba shi ke dariyar tubali.”

Ekkehard bai yi dariya ba. Ya tashi ya ɗauki laima ya nufi rumfar jirage, ya daɗe, ya dawo da ɗan akwatin a hannu da fuska kamar wanda ya dawo daga jana'iza. Akwatin tsoho ne, cikinsa kaɗan, in ya cika sai sabuwar tafiya ta hau kan tsohuwa. Tun Agusta 'yan koyo ke tashi da sauka da jirgin nan, sun cika shi da kewayen fili na minti biyar-biyar. Tafiyar Volkmar ta shafe.

“Ka ji ni da kyau,” in ji tsohon, murya ƙasa-ƙasa. “Duk duniya yanzu wuri ɗaya tafiyar nan ta rage, cikin wannan abin da ke hammatarka. Na roƙe ka, ba don ni ba. Ka ba ni shi yau.”

A nan kam Volkmar ya dubi kwamfutar da ke hammatarsa. Ya tuna yinin nan, yadda ya ga kogi ya zama zare a ƙarƙashinsa, yadda ya kusa kuka da ya hango filin gida. Yana son kofin nan kamar ransa, kuma ya tsorata ƙwarai. Da su biyu ne kawai da ya miƙa. Amma ga Reinhild tana kallonsa ta saman tabarau, ga Gernot yana danne dariya da kek a baki. Sai ya gyara tsayuwa.

“Fayil yana nan lafiya lau, tsoho. Har ya fi da kyau. Ranar biki zan ba ka a gaban kowa.”

“Ya fi da kyau?” in ji Ekkehard. “Me kake nufi ya fi da kyau?” Amma Volkmar ya riga ya kai ƙofa.

Daga ƙarshe dai ya gano zancen waƙafi, ya bi ya mayar da su ɗigo, yana zagin duk wanda ya ƙirƙiro taswirar da ba ta jin yaren mutane. Da ya tsaya nan da ya tsira. Amma garin neman gira aka rasa ido. Yana dubawa sai ya ga gabas ce a gaba, arewa a baya. Ya yi tsaki. Ko ɗan firamare ya san arewa ake faɗa kafin gabas, ashe wannan ma na cikin abin da ya kai shi Sahara! Ya juya su, nasa da na duk wanda ya turo masa, ya gyara abin da bai lalace ba. Ranar biki da rana ya gwada a cikin rumfar jirage, inda intanet ba ta kaiwa sai an jawo waya daga ofis. Hoton ƙasa bai fito ba, sai toka-toka, amma ga kusurwa uku ɗinsa a kai tsaf, ga na sauran kewaye da shi. Ya sumbaci yatsunsa ya tafi gida ya yi aski.

Da yamma rumfa ta cika. An tura jirage gefe, an jera benci, hayaƙin tsiran alade ya turnuƙe bakin ƙofa, ana ta miƙa kwalaben giya. Magajin gari ya zo da sarƙarsa ta biki, ga wata 'yar jarida daga jaridar gunduma, wadda Volkmar da kansa ya kira har sau uku. Kofin azurfa na kan tebur, Reinhild ta goge shi albarkacin ranar. Volkmar ya fito da farin gyale a wuya irin na matuƙan da, ya karɓi makirufo, ya yi jawabin da ya fara tun daga ranar da aka haife shi. Tsire ya huce. Da ya ga mutane sun fara duba agogo sai ya ɗaga hannu.

“Jama'a, abin da manyan kamfanoni ke ɗaukar injiniyoyi goma su yi, ga shi mutum ɗaya ya yi a teburin kicin. A kashe fitila! Gernot, jona wayar intanet!”

Kiɗa mai ganguna ya tashi, don har kiɗa ya sa. Duniya ta bayyana a bango, shuɗiya, kyakkyawa, aka yi tafi. Ta juyo da Turai, mutane suka fara nuna ƙasarsu da yatsa. Ba ta tsaya ba. Ta wuce Italiya, ta wuce Masar, ta gangara ta Bahar Maliya, ta bar ƙahon Afirka a hagu, sannan ta nutsa ƙasa a hankali, da ganguna da komai, ta tsaya cak a kan ruwa. Shuɗi ta ko'ina, ko tsibiri babu. A tsakiyar tekun, gabas da gaɓar Somaliya, ga jiragen kulob ɗin Wiesenrode duka suna ta kewaye, kowanne da sunan mai shi a rubuce, na Volkmar ya fi kowanne kauri.

Magajin gari, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, ya tafa da ƙarfi. “Madalla! Ashe har ƙasashen waje kuke zuwa? Ba wanda ya gaya mini!”

Rumfar ta fashe. Gernot ya faɗo daga benci yana riƙe da ciki. “Shekara talatin ina jan jirage, ashe kulob ɗin masunta nake yi wa aiki! Volkmar, ina kifin?”

Wata tsohuwa daga baya ta ɗaga murya, “Ortrud, ga mijinki can a teku! Kin ce yana fili duk Asabar!”

“Ni ban iya iyo ba ma!” in ji mijin, aka sake kwashewa.

'Yar jarida ta matso da alƙalami. “Malam Hasenkamp, a wane jirgin ruwa kuka sauka?”

Volkmar ya danna nan, ya danna can, gumi na ɗiga a kan farin gyale. Hoton ya matso kusa, ruwa ya ƙara shuɗi. Ya danna wani wuri, kiɗan ya koma farko. Ya ce intanet ce, ya ce na'urar haskawa ce, ya ce Gernot ne ya jona waya a juye. Gudrun ta tashi ta zare filogi daga bango, ta koma ta zauna ta ci gaba da cin tsirenta.

Da fitila ta dawo Ekkehard ya buga cokali a kwalba har aka yi shiru. “To, mun sha iskar teku. Saura kofi. Volkmar, fayil.”

Nan Volkmar ya farfaɗo. Nuni ya lalace, amma kofi na nan. Ya zaro ɗan filashin da ya zuba fayil ɗin a ciki daga aljihu ya ɗaga sama kowa ya gani, ya miƙa. Tsohon ya soka a tasa kwamfutar, ya sa manhajar tantancewa. Ja ta nuna. Ya sake, ja. Ya buɗe fayil ɗin da kansa, ya karanta layin farko, ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

“Wane ne Kyaftin Volkmar Hasenkamp?”

“Ɗan gyara ne kawai. Akwatin ya rubuta sunana tsirara kamar na ɗan koyo.”

“Lambobin fa? Ba haka akwati ke rubuta su ba.”

“Na juya su sun tafi, na juyo da su sun dawo. Ba abin da ya ɓata, na lissafa.”

Ekkehard ya gangara ƙarshen fayil ɗin, ya tsaya. Muryarsa ta yi sanyi. “Ina layukan ƙarshe?”

“Waɗancan haruffan shirmen? Ba lokaci, ba wuri, ba tsawo, tarkace kawai. Na share su tun ranar farko.”

“Shi ne hatimin, Volkmar.”

Shekara da shekaru yana jin ana cewa hatimi, hatimi, har shi ma yana yi wa 'yan koyo lacca a kansa. Bai taɓa ganin kamanninsa ba, don bai taɓa yin tafiyar da ta isa a tantance ba. Wannan karon ba wanda ya yi dariya sosai, sai 'yan tari nan da can. Ekkehard ya ɗauki kofin ya miƙa wa Reinhild, da tafiyarta wadda ba ta cika ɗari uku ba, aka tafa.

Ana kwashe benci Volkmar na tsaye a bakin ƙofa shi kaɗai, gyale a hannu. Reinhild ta zo wucewa da kofi a hannu ɗaya, rigar sanyi a ɗaya. Ta tsaya.

“Na gan ka ranar nan,” in ji ta. “A kan kogi, wajen kusurwa ta biyu. Ina ƙasa ina fama, kana can samana kusa da girgije. Ka yi tafiyar nan, Volkmar. Ka fi ni.”

Ya kama hannun rigarta. “To ki faɗa musu! Reinhild, don Allah, ki shiga ki faɗa musu!”

“Na gaya wa Ekkehard tun ɗazu. Ya ce ido biyu ne suka gan ka a kan kogi, ido ɗari biyu suka gan ka a Somaliya, har da magajin gari.” Ta yi ƙoƙarin zura hannu a riga, kofin ya hana ta. Sai ta miƙa masa. “Riƙe mini in sa riga.”

Ya karɓa da hannu biyu. Ya fi yadda ya zata nauyi, da sanyi, ga sunanta jere a jikinsa shekara bayan shekara, ga ɗan fili a ƙasa inda na bana zai shiga. Reinhild ta sa maɓallanta ɗaya bayan ɗaya, ba ta gaggawa.

“Riƙewa kawai na ce, Injiniya,” in ji ta. “Kada ka juya mini shi ya koma wani abu.”